Yayata Makitsiya da Anti Tabarau

Yayata makitsiya ce. Tun ina 'yar firamare take kitso, da farko a tsakar gidanmu, daga baya ta kama shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da wani kanti da kullum ake canza mai shi. Shagon ɗaki ɗaya ne da ɗan banɗaki a baya. Akwai madubi biyu a bango, ɗaya ya tsage a kusurwa ta manna masa hoton fure, sai kujera mai juyawa da ta daɗe da daina juyawa, da diraya ta busar da gashi, da dogon benci na masu jiran layi. Ita a kan 'yar kujera take zama, wadda za a yi wa kitson ta zauna a kan matashi a ƙasa ta jingina da gwiwoyinta. Ni nake tsifa da wanke kai, ita take kitsawa. Haka muke tun da na gama makaranta.

Hannunta yana da kyau, amma ba hannun kaɗai yake cika mata shago ba. Yarinya idan ta zauna ta ba ta baya, babu ido cikin ido, sai ka ji bakinta ya buɗe. Wadda ta faɗi jarrabawa ta ɓoye wa gida, wadda iyayenta suka kwana biyu ba sa magana, wadda ƙawa ta juya mata baya, duk a tsakanin gwiwoyin Yaya ake sauke su. Ita kuma ba ta rasa amsa. Tana tsaga tana faɗa, tana kitsawa tana lallashi, kafin a kai ƙeya ta yanke hukunci. 'Yan matan suka sa mata Umman Shago, kuma sunan ya yi mata daɗi fiye da yadda take nunawa. Takan ce, "Babu yarinyar da za ta yi kuka a layin nan ban san dalili ba."

Sai dai Yaya tana da kishi, kuma ba irin wanda aka saba ji ba. Mijinta mai gyaran firji ne, mutumin da in ya sunkuya a bayan firji ko gobara ake ba zai ɗago ba, don haka ta wannan ɓangaren ba ta taɓa samun abin yi ba. Kishinta a kan mutanenta yake. Idan yarinya ta yi kitso a wani wuri ta dawo, daga tsagar Yaya take ganewa. Sai ta ɗaga jela ɗaya da ɗan yatsa kamar ta tsinci abin ƙyama, ta ce, "Wa ya yi miki wannan aika-aikar?" Ni kaina in na daɗe ina waya da wata ƙawa, sai na ji ta ce, "Gaishe ta. Ki ce yayarki ta mutu ne shi ya sa kike kai mata shawara."

'Ya'yanta uku. Manyan biyu maza ne, sun kama gabansu. Sai Auta, wadda lokacin da wannan abin ya faru take aji huɗu na sakandare. Yarinya ce mai shiru, mai son zane, irin wadda za ta shigo shago daga makaranta ta gaishe da kowa, ta wuce ƙarshen benci ta buɗe littafi a cinya, har a manta tana wurin.

A da, idan yaro a unguwarmu ya shiga irin halin da kansa ya yi masa nauyi har iyaye suka tsorata, babu inda za a kai shi sai babban asibiti can ƙarshen gari, mota biyu, a kwantar da shi a cikin manya. Akwai wata yarinya mai zuwa shagonmu da aka taɓa kai wa can. Ta dawo ba ta son a taɓa mata kai, iyayenta kuma ba da daɗewa ba suka tashi daga layin. Saboda haka mutane suka gwammace su rufe ƙofa su yi shiru.

Sai aka buɗe sashen yara da matasa a asibitin unguwa. Wani tsohon sito ne a bayan tankin ruwa aka gyara, aka raba shi ɗaki uku, aka yi fenti mai haske, aka sa gadaje kaɗan da kafet da kujeru masu taushi. Akwai likita mai zuwa wasu ranaku, da nas-nas, da masu zama su saurari yaro. Suna da lambar waya da makaranta ko iyaye za su kira, in abin ya yi tsanani su zo da kansu. Sunan da aka rubuta a allo dogo ne, babu wanda ya riƙe shi. Kowa Bayan Tanki yake cewa.

Wata rana da hantsi ɗaya daga cikin ma'aikatan ta shigo shagonmu. Siririya ce, ba ta kai ni shekaru ba, da wani ƙaton tabarau da yake ta zamowa kan hancinta tana mayar da shi. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce sun ji 'yan mata suna yawan zama a nan, ko za mu yarda ta manna takarda mai lambar wayarsu.

Yaya ba ta ɗago daga kan da take kitsawa ba. Ta ce, "Me kuke yi musu a can?"

"Muna sauraronsu ne, Mama. In da buƙatar magani likita ya duba."

"Sauraro." Yaya ta ja jela ta ɗaure. "To ai mu ma nan ba kurame ba ne. Manna."

Tana fita Yaya ta taɓe baki ta ce, "Yarinyar da ko goyo ba ta taɓa yi ba. Kin ga kanta kuwa? Kamar kaji sun yi dambe a ciki." Aka yi dariya. Daga ranar 'yan shago suka sa mata Anti Tabarau.

Ba a yi wata uku ba aka kira Yaya daga makarantar su Auta. Tana tsakiyar kan wata mata, ta ajiye mataji ta fita ko mayafi ba ta gyara ba, na ba matar haƙuri na rufe shago na bi ta. A hanya aka sake kira aka ce mu wuce Bayan Tanki kai tsaye. Ashe an tarar da Auta a ƙarƙashin matakalar bene tana rawar jiki, numfashi yana sarƙe mata, da malamarsu ta riƙe ta sai ta ce ita ta gaji da rayuwa. Malamar ba ta ɓata lokaci ba ta kira lambar.

Muka isa muna haki. Ƙofar ɗakin a ɗan buɗe take, muka hango Auta zaune a kan kafet ta haɗa kai da gwiwa. Anti Tabarau tana zaune a gefenta, ita ma a ƙasa, ba ta cewa komai. Hannun Auta yana riƙe da gefen rigarta, riƙo sosai, har yadin ya tattare.

Yaya ta yunƙura za ta shiga, wata nas ta tare ta a hankali. "Mama, ki ɗan ba su lokaci. Yanzu ta fara samun numfashi."

"'Yata ce."

"Na sani. Yanzun nan za a kira ki."

Muka zauna a benci a waje. Ban taɓa ganin Yaya a layi ba sai ranar. Hannuwanta duk man kitso, ta rasa inda za ta ajiye su. Ta tsorata, wannan babu shakka. Amma da ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kin ga yadda ta riƙe mata riga?"

Da mijinta Mai-firji ya iso aka shigar da mu wani ɗakin. Likita da Anti Tabarau suka yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Auta ta daɗe ba ta barcin kirki. Abincin da ake zuba mata na makaranta ba ci take ba. Tunanin raba kanta da duniya ya daɗe yana zuwar mata, kuma kwanan nan ya yi ƙarfi. Suka ce za su riƙe ta kwana kaɗan, mu kuma mu kawar da magunguna da wasu abubuwa daga inda hannunta zai kai a gida. Suka ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ana samun sauƙi, kuma an kawo ta a kan lokaci. Mai-firji yana ta gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

Yaya ta kalli Anti Tabarau ta ce, "Me ta faɗa miki?"

"Duk abin da ya shafi tsaron lafiyarta na gaya muku, Mama, kuma ba zan taɓa ɓoye irinsa ba. Sauran kuwa na yi mata alkawari ita za ta faɗa da bakinta in ta shirya."

"Ni na haife ta."

"Shi ya sa nake so ki ji daga bakinta."

Yaya ta miƙe muka fito. A bakin tanki ta tsaya ta ce da ni, "Ƙarama, kin ji? Sirrin 'yata ne a hannun wata, ni kuma in jira a ba ni izini."

Kullum muna zuwa dubiya. Auta takan rungume uwarta, ta ci abin da aka kawo mata kaɗan, amma magana ba ta wuce "lafiya lau" da "da sauƙi." A rana ta uku muka same ta da wasu manyan kitso guda biyu a kai, ɗaya ya fi ɗaya kauri, tsagar ta karkace kamar hanyar tururuwa. Gashin ne ya dame ta, Anti Tabarau ta kama mata shi yadda ta iya. Yaya ta tsaya tana kallon kan nan. Ta sa hannu a jaka ta ciro mataji.

"Zo in gyara miki, Auta. Yanzu zan gama."

Auta ta kai hannu ta dafe kanta. "Ki bar shi, Umma. Haka ma ya yi."

Na ga fuskar Yaya ta canza. Ta mayar da matajin jaka a hankali, ta ja zif. A mota, da muka kusa sauka, ta ce, "Shekara nawa ina kitso a garin nan. 'Yata tana yawo da wancan abin a kai, wai haka ma ya yi."

Da aka sallamo Auta sai aka shiga zamanin "Anti ta ce." Anti ta ce in ajiye waya kafin in kwanta. Anti ta ce in na ji ƙirjina ya matse in ja numfashi a hankali in ƙirga. Anti ta ce in dinga fita ina taka ƙafa da yamma. Duk sati tana komawa Bayan Tanki, ta dawo fuskarta ta ɗan saki. Ta fara ci, ta koma zane. Kowa a gidan yana hamdala, Yaya ma tana yi, amma tata hamdalar da ƙaya a ciki.

"Maganar waya sau nawa na yi mata?" ta ce da ni muna share gashi a shago. "Bakina har ya gaji. Amma da yake mai tabarau ce ta faɗa, ya zama magani. Ko in je in yanko tabarau ne ni ma?"

Na ce, "Yaya, ba sauƙin muke nema ba?"

"Na ce ba na so ta samu sauƙi ne? Ke ma kin koma can ke nan."

Abin bai tsaya kan Auta ba. Ma'aikatan Bayan Tanki sun fara shiga makarantu suna magana da ɗalibai, kuma tun da aka ga 'yar Umman Shago ta je ta dawo lafiya, kunyar zuwa ta ragu. Sai yarinya ta zauna a gaban Yaya, Yaya ta ɗan taɓo ta, "Ya maganar nan ta babanki?" Yarinya ta ce, "Ai na je wajen Anti, Umma, mun yi magana." Shi ke nan, sai hirar fim. Ranar da wata ta ce Anti Tabarau tana da kirki kamar me, Yaya ta ja mata gashi har sai da ta yi ƙara, sannan ta ce, "Yi haƙuri, kanki ne ya cukurkuɗe."

Ta fara tsince-tsince. Wai fentin wurin ya fara ɓarewa. Wai an ce Antin ba 'yar garin nan ba ce. Wai yaran yanzu an koya musu kai ƙarar iyaye. Wata rana da yamma, ina gidansu ina taya ta ninke wanki, ta ce wa mijinta ita tana ganin zuwan ya isa haka, yarinya ta warke, a bar ta ta fuskanci karatu.

Mai-firji yana zaune a bakin ƙofa yana goge wani ƙarfe da tsumma. Tun da na san shi ban taɓa jin ya musa wa Yaya ba, ko a kan launin labule. Ya ajiye ƙarfen ya ce, "Za ta ci gaba da zuwa."

"Malam, ni fa na san 'yata."

"Ni ma na ɗauka na san ta. A gida ɗaya muke da ita duk watannin nan, ni da ke, ba mu gani ba. Za ta je har sai sun ce ya isa."

Yaya ta cika ta yi fam. Ta ninke zanin gado ɗaya sau uku tana warwarewa.

Washegari da azahar ta ce in raka ta. Ban san me ta shirya ba, na dai bi ta don kada a yi abin kunya. Muka tarar da Anti Tabarau zaune a kan dakalin bayan tanki, ta cire takalmi, tana cin abinci daga 'yar roba da sauri. Idanunta sun faɗa. Da ta gan mu ta miƙe tana neman rufe robar.

"Zauna ki ci," in ji Yaya. Ita kanta Yaya ta ƙi zama. "Tambaya ɗaya na zo yi. Me kike yi mata da ni ban iya ba?"

Anti Tabarau ta mayar da tabaranta. Ta ce, "Ban jin akwai, Mama. Abin da na fi ki shi ne ni ba uwarta ba ce. In ta faɗa mini abu mai nauyi, ba ta tsoron zan kasa barci, ko in yi kuka, ko in ga kamar na gaza. Ke kuwa tana tsoron ta ɓata miki rai."

"To sai ta zauna tana tausayina har ta hallaka?"

"Shi ya sa nake so ku zauna tare, ke da ita. Na tambaye ta tun tuni, sai wannan satin ta yarda. Da ma yau nake shirin kiran ki."

Yaya ta zo da faɗa a baki, ta rasa inda za ta sauke shi. Ta kalli robar ta ce, "Wannan ne abincin naki? Shi ya sa kike kamar tsinke." Muka juya.

An yi zaman a ɗakin kafet. Auta ce ta ce in shigo ni ma. Anti Tabarau ta roƙi abu ɗaya, a bar Auta ta kai ƙarshen maganarta kafin kowa ya amsa. Auta ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta. Ta fara da makaranta, yadda wasu 'yan ajinsu suka ɗauki hoton wani zane da ta yi suka yi ta yawo da shi a waya suna mata dariya, har ta daina shiga cikin mutane. Yaya ta buɗe baki, na san "su waye iyayensu" ne zai fito, Anti ta ɗan ɗaga hannu, ta mayar da bakin ta rufe.

Sai Auta ta ce, "Na so in faɗa miki, Umma. Sau da yawa ina zuwa shago da niyyar in faɗa. Sai in tarar da wata a gabanki tana ba ki labari, kina ce mata 'yata. In ta tashi wata ta zauna. Ni ina ƙarshen benci ina jin haushinsu. Har addu'a nake yi a ɗauke wuta kowa ya tafi gida." Ta share hanci. "In an zo kaina kuma kin gaji, kina hamma, kina cewa in sunkuya mu gama. Kuma ko na fara magana, kafin in kai rabi kin ba ni amsa. Amsar tana da kyau, amma ba ita nake tambaya ba."

Yaya tana kallon tafin hannunta. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Kishi kike da su?"

"Sosai ma."

Yaya ta yi wata 'yar dariya, hawaye suka biyo ta. "To ba a ƙasa kika tsince shi ba," ta ce. Auta ma ta yi dariya tana kuka. Anti Tabarau ta tura musu kwalin tishu ta koma gefe.

Daga wannan satin Yaya ta ware yammacin rana ɗaya, ta ce ba ta karɓar kowa. Mata suka yi ta mita, ta ce wadda ba za ta iya jira ba ga shaguna nan cike da titi, abin da ban taɓa zaton zai fito daga bakinta ba. Ni nakan zauna a waje in kore masu leƙe. Da farko shiru ne kawai a ciki, sai ƙarar mataji. Yaya ta gaya mini har cizon harshe take yi don kada amsa ta kuɓuce mata. Wani lokacin takan kuɓuce, Auta ta ce, "Umma, ban gama ba," ita kuma ta ce, "To, ina ji." A hankali maganar ta fara zuwa.

Kada a ce kishin ya tafi, don bai tafi ba. Wata rana na ji Auta ta gama ba ta wani labari, Yaya ta yi kamar ba komai ta ce, "Wannan kin faɗa wa Anti?" Auta ta ce, "Tukuna." Ranar har rufe shago Yaya tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi, ta yi wa wata tsohuwa kitso ta ƙi karɓar komai. Ranar da amsar ta zama "eh, tun wancan satin" kuwa, ni nake shan faɗa a kan na bar tawul a jiƙe.

Ta fara zuwa taron iyaye da suke yi a Bayan Tanki, wai don ta ga abin da ake faɗa a bayan idonta. Ba a jima ba ta zama ita ce mai kai wasu. Akwai yarinyar da tana cikin yi mata kitso ta ji maganarta ta wuce irin wadda ake lallashi a shago. Ta ɗaure mata rabin kan da ɗankwali, ta kira uwarta, ta riƙe hannunta har bakin tanki. Da ta dawo ta ce da ni, "Wannan ta fi ƙarfina. Amma ni na fara ganewa, ki rubuta ki ajiye."

Bayan kamar shekara guda aka ce za a faɗaɗa aikin. An ƙara gadaje a namu, an ƙaro ma'aikata biyu, kuma za a buɗe sabon sashe a unguwar da ke ƙetaren titin jirgi, inda yaransu suke tahowa har wajenmu. Anti Tabarau aka zaɓa ta je ta buɗe shi. Ta shirya Auta tun da wuri, ta haɗa ta da wata sabuwar ma'aikaciya suka yi zama tare su uku har Auta ta saba. Duk da haka ranar da labarin ya tabbata Auta ta sha kuka.

Na ɗauka Yaya za ta ji daɗi. Ta ji, na kwana ɗaya. Ta ce, "Allah ya raka taki gona," tana murmushi. Washegari ta shigo shago a murtuke, ta jefar da jaka a benci.

"Su wa suka fi mu da za a ɗauke mana ita a kai musu? Mu muka sha wahalarta tun tana sabuwa. Yanzu da ta ƙware sai 'yan ƙetaren jirgi su zo su ɗauka a sama?"

Na ce, "Yaya, ba ke ce kike cewa kanta kamar kaji sun yi dambe ba?"

"Kanta daban, aikinta daban. Ke ba ki san komai ba."

Har ofishin shugaban asibitin ta je, ita da wasu iyaye mata biyu da ta zuga. Ya saurare su, ya ba su ruwa, ya ce can ma yara ne irin namu kuma ba su da kowa. Ta dawo tana cewa mutumin bakinsa zaƙi ne kawai. Sabuwar ma'aikaciyar kuwa, mace mai fara'a da Auta ta ce tana jin daɗinta, har yau Yaya ba ta yarda ta kai tamu ba. Haka take cewa yanzu, tamu.

Yanzu Auta tana ajin ƙarshe. Tana da ranakun da ba ta jin daɗi, amma ta san sunan abin, ta san wanda za ta gaya wa, kuma zuwanta Bayan Tanki ya koma jefi-jefi. Ranar da aka buɗe sabon sashen Anti Tabarau ta gayyace mu, muka shiga mota mu uku muka je. Auta ta kai mata wani zane a cikin firam. Suna can suna gaisawa, Yaya ta ja ni muka zaga ginin. Ta leƙa kowane ɗaki, ta shafa labule, ta danna katifa da hannu, ta murɗa famfo ta ga ruwa ya zo. A baya muka tarar da ɗan fili da ciyawa da wata bishiya mai inuwa, an jera kujeru a ƙarƙashinta.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Kin gani ko? Nasu har da bishiya. Mu an bar mu da tanki."

Na ce ai sai a dasa.

"Za a dasa kuwa," ta ce. "Taron iyaye mai zuwa da ita zan fara. Je ki kira mini Auta mu tafi, na ga ta samu wuri tana neman zama."